Murhun Kaka Clorinda Ya Sake Tsagewa

Jama'a, ku yi mini afuwa kan shirun da kuka ji na yi. Yatsuna ne suka ƙi riƙe waya saboda sanyi, yanzu ma da safar hannu nake rubuta muku, na yanke mata kan babban yatsa. Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ce Yasna, ina sayar da ulu a wani kanti da ke bakin ruwa a Dalcahue, garinmu na kan tsibiri, shekarata ashirin da tara. A gidanmu ana faɗin shekarun nan ne da ƙaramar murya, kamar ana maganar ciwon da likita ya kasa.

To bari in koma kan murhu, don shi ya jawo komai.

Murhun falonmu, wanda muke jin ɗumi da shi, marigayi kakana ne ya gina shi, kuma ɗakin Kaka Clorinda a bayansa yake, zafin bangon ne ke ɗumama mata gado. Farkon sanyin bana bulon cikinsa ya fara zubowa, har wata safiya Baba ya ga hayaƙi na fitowa ta tsakanin katakon bango. Gidan katako ba ya wasa da irin wannan. A ranar aka kashe wuta, aka aika a kira magini, Eliseo Oyarzo.

Eliseo dogo ne, da hular ulu ruwan toka da ba ta taɓa rufe masa kunnuwa, kunnuwan kuwa kullum ja. Wandonsa baƙi ne amma gwiwoyin farare fat da ƙurar siminti. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya kallon mutum ya yi magana. In ka gaishe shi, takalminsa zai amsa wa. Amma da zarar ya durƙusa ya tura kai da kafaɗu cikin murhu, sai baki ya buɗe: labarin kifin da ya kama, labarin mahaifinsa da ya koya masa gini, har da waƙa wani lokaci. Ni kuwa ina kan kujera 'yar tsugunno ina miƙa masa bulo. Wallahi na fi sanin bayan rigarsa a kan fuskarsa, kuma a haka na kamu. Ba na jin kunyar faɗa muku, ina son sa.

Aikinsa kuwa sai ka tsaya kallo. Ya kankare tsohon kwaɓin da ya ruɓe, ya goge kunkunniya da burushin waya har ya koma kamar wanda ya fito daga ramin gawayi, ya jiƙa wurin, sannan ya jera sabon bulo rawaya mai jure wuta, yana shafa masa kwaɓi na musamman siriri-siriri. Da ya gama ya miƙe, ya dubi takalminsa ya kafa mana doka.

"Doña Clorinda, sati guda ba wuta, ba ruwa, ba mai taɓawa. Bayan nan sai 'yar wutar ƙirare, kullum a ƙara kaɗan. In aka yi gaggawa ruwan da ke cikin kwaɓin zai tafasa ya fasa shi."

Muka kwashe muka koma kicin, inda murhun ƙarfe na girki yake. Mu biyar, da kare, da kyanwa, da buhunan dankali. Kaka a kan benci cikin bargo uku, da kwalaben ruwan zafi jere a jikinta. Gwaggo Edita, ƙanwar Baba, tana minshari kusa da tukunyar miya. Muka ce sati guda ne, za mu daure.

Ranar da sati ya cika, Eliseo ya zo ya haska fitila. Tsaga daga sama har ƙasa.

Ya kankare ya sake. Ya tsage. Ya ce ko kwaɓin ne ya daɗe a kanti, ya hau mota har birnin Castro ya sayo sabon buhu. Ya tsage. Ya ce ko ruwan famfonmu ne, ya riƙa ɗauko ruwa daga marmaro a bayan babur. Ya tsage. Gwaggo ta ce ita ta sani, mayu ne ke sauka ta bututun hayaƙi, tsibirin nan ai ba a raba shi da su. Aka ajiye almakashi a buɗe a bakin murhu, aka barbaɗa gishiri a ƙofa. Ya tsage.

Ni dai a lokacin, gaskiya, ban damu ba. Duk tsagewa ɗaya kwana uku ce ta bayan rigar Eliseo. Ku tuna, a wajenmu saurayi ba ya zuwa gidan budurwa haka siddan ya ce hira ta kawo shi, sai da dalili a hannu. Babana gatari ya ara a gidan su Mama, ya yi shekara biyu yana mayarwa yana sake ara, har kakana na wajen uwa ya gaji ya ce ya ɗauki gatarin da yarinyar ya ba shi wuri. Saboda haka ba wanda ya ga abin mamaki don Mama tana soya wa magini wainar dankali da kitsen alade kullum, tana ture ni ta ƙarƙashin tebur.

"Gyara gashinki. Sa jan siket ɗin. Ke wace irin yarinya ce, mutum na cikin murhunku wata biyu kin kasa fito da shi?"

"Mama, aiki ya zo yi."

"Ubanki ma gatari ya zo ara."

Saƙonninmu a waya kuwa ba abin da za ku yi hassada a kai. Kullum da yamma zai rubuto: "Barka da yamma, señorita Yasna. Ya murhu?" Wata rana na gaji na amsa: "Murhu lafiya. Ni ma lafiya, da ka tambaya." Ya turo mini hoton babban yatsa.

Amma na lura yana ramewa. Waƙar cikin murhu ta tsaya, labarin kifi ya tsaya. Ranar da ya gama gyara na shida bai ko zauna cin abinci ba, ya hau babur cikin ruwan sama ya tafi. Da yamma wayata ta yi ƙara, na buɗe ina jiran "Ya murhu?" sai na ga wannan:

"Señorita Yasna, wannan ne na ƙarshe. Na karɓi aiki a gonar kifi can kudu, wajen Punta Arenas. Jirgin ruwa zai tashi Asabar ta sama. Mutumin da ya kasa tsayar da bulo ba shi da bakin neman komai a gidan mutane."

Na karanta har harufan suka fara rawa. Punta Arenas! Waɗanda ke zuwa can sai su dawo da gemu da matar da ba wanda ya san iyayenta. Na shiga banɗaki na yi kuka na, don shi kaɗai ne wurin da ba kowa. Da na fito na je ɗaukar tawul a kwandon saƙar Kaka, sai na ga tsinken saƙarta ɗaya ya lanƙwashe, bakinsa da busasshen kwaɓi.

Hmm. Na mayar da shi yadda na gan shi, ban ce komai ba.

Ranar Lahadi na ɗaure kai da ɗankwali na ce kaina ke ciwo, ba zan je coci ba. Suka yi shiri suka fita, Mama da baƙar kwat ɗinta ta zuwa jana'iza, Baba da hularsa mai baki, Gwaggo da carbi a wuya, Kaka na dogara sanda. Ni kuwa na ja bargo na kwanta a bayan doguwar kujerar falo, inda nake hango bakin murhu ta ƙarƙashi.

Ba a jima ba ƙofa ta yi ƙara. Takalman Mama ne. Ta leƙa hagu ta leƙa dama, ta zaro wuƙar shafa man shanu daga jakarta, ta durƙusa. Kafin ta kai hannu sai ga motsi a baranda. Mama, mace mai jiki, ta yi wuf ta shige bayan labule, ƙafafunta duk a waje.

Baba ne. Ya rungumo tsofaffin jaridu da itacen luma, wanda in ya kama da wuta ko ƙarfe sai ya ji a jikinsa. Ya fara jerawa a cikin murhu yana 'yar fito. Ƙofa ta sake motsi. Ya kwashe kayansa ya faɗo bayan kujera, a kan ƙafata. Muka haɗa ido. Ya ɗora yatsa a baki, kamar ni ce mai laifin.

Gwaggo Edita ce, da butar shayi cike da ruwa, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Ita ma ta ji takun sanda, ta rasa wurin ɓuya, ta tsaya a bayan ƙofa da buta a ƙirji.

Kaka Clorinda ba ta leƙa ko'ina ba. Ta jingine sanda, ta durƙusa da ƙyar gwiwoyinta na ƙara, ta zaro tsinken saƙa daga cikin gashinta.

"Kaka!"

Na miƙe da bargo a ka. Labule ya buɗe, Baba ya fito da jarida maƙale a kafaɗa, Gwaggo ta saki buta, ruwa ya malale a ƙasa. Muka tsaya cirko-cirko ana kallon kallo.

"Rosendo," in ji Mama, "me kake yi da itace?"

"Ke me kike yi da wuƙa, Fresia? Burodi kika ajiye a murhu?"

"Ni na zaci ni kaɗai ce!"

"Ni fa sau biyu kacal na hura," in ji Baba, "kuma 'yar wuta ce, ban bari ta daɗe ba."

"Nawa ruwan albarka ne," in ji Gwaggo. "Daga coci na ɗebo. In ya fasa, ikon Allah ne."

"Buta guda, Edita?"

"Yarinyar shekararta ashirin da tara, yayyafi zai ishe ta?"

Kaka ko kallonsu ba ta yi ba. "Na farkon ni ce," ta ce. "Kuma ba na ba kowa haƙuri. Ni ce ke shan sanyin, ƙashina ne ke ciwo, ni ke da ikon fasa murhuna. Da na zauna jiran ku, da yarinyar nan ta tsufa tana naɗe wa baƙi ulu. Yaron kirki ne, kunya ce ta yi masa yawa. Lokaci kawai yake buƙata, shi nake saya masa."

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na zaro waya na karanta musu saƙon, har wurin da ya ce ba shi da bakin neman komai. Ruwan butar Gwaggo na ta ɗiga ta tsakanin katako.

"To ai da sauƙi," in ji Mama. "Mu fasa shi sosai, yadda ba zai gama kafin Asabar ba."

"Mama, fashewar ce fa ke korar sa!"

"To mu bar shi ya tsaya."

"In ya tsaya," in ji Gwaggo, "me kuma zai kawo shi gidan nan?"

Baba ya cire hula ya sosa kai. "Akwai gatari," ya ce a hankali. Ba wanda ya kula shi.

"A faɗa masa gaskiya," na ce.

Da na ce a yanka kare a yi miya da ba su zabura haka ba. Mama ta dafe ƙirji. "Mu buɗe baki mu ce wa ɗan mutane muna son sa da ke? Da bakinmu? Yasna, mu ba irin wannan gidan ba ne. Muna da mutunci."

Mutunci, da wuƙar man shanu a hannu.

Na ɗauki hutu a kanti na zama maigadin murhu. Na ƙwace tsinken, na ƙwace wuƙar, na kulle ashana a jakata, na hana Gwaggo wucewa ta falo ko da kofin shayi. Da lokaci ya yi ni na hura 'yar wutar ƙirare da hannuna, kullum ina ƙarawa yadda ya ce. Ranar Laraba muka zuba luma, wuta ta tashi tana ruri, bango ya yi ɗumi, gidan ya dawo gida. Kaka ta koma gadonta ta kwanta, amma fuskarta a murtuke. Ban taɓa ganin wanda ɗumi ya ɓata wa rai haka ba.

Ranar Alhamis da safe murhu ya huce, na kwashe toka. Na sa jan siket ɗin ba tare da an ce in sa ba, da rigar ulu koriya wadda na saƙa da kaina, na shafa jan baki na goge na sake shafawa. Mama ta cika tebur kamar za a yi biki, ga wainar dankali, ga gasasshen nama, ga ruwan tuffa. Eliseo ya shigo ya gaishe da takalminsa, ya durƙusa, ya haska fitila. Ya bi bulo ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar cokalin gini, yana kasa kunne. Mu duka muna tsaye a bayansa kamar masu jiran sakamakon asibiti.

"Ya tsaya," ya ce daga ciki.

Mama ta tafa ita kaɗai. Ya fito, ya fara jera kayansa a jaka.

"To Maestro, babban magini, ka ga ai hannunka lafiya lau," in ji Baba. "Sai a fasa tafiya ko?"

"A'a, Don Rosendo. Ɗaya cikin shida sa'a ce, ba iyawa ba." Ya naɗe burushinsa cikin tsumma. "Na zagaya duk gidajen da na taɓa yi wa aiki na ce su yi hattara da wuta. Na rushe murhun gidanmu na sake ginawa don in gwada hannuna, mahaifiyata ma a kicin take kwana yanzu. Jiya na je kabarin babana na ba shi haƙuri. Na ce masa na yi ƙoƙari, abin ne bai zauna a hannuna ba."

Nan ne zuciyata ta karye. Duk dariyar da na yi wa wuƙar Mama da butar Gwaggo ta koma mini ciki. Mutum ya je gaban kabarin ubansa ya ba da haƙurin laifin da bai yi ba, mu muna nan muna soya waina. Na dubi Mama, ta dubi silin. Na dubi Baba, ya dubi taga. Eliseo ya zuge jakar.

Na shiga kicin na ɗauko faranti. Na ɗora tsinken saƙa, da wuƙar, da ashana, da butar, na kawo na dire a gabansa.

"Wannan na Kaka ne, shi ya yi na farko. Wannan ta Mama ce. Baba wuta yake hurawa kwana biyu da gamawarka. Gwaggo ruwa take kwarara masa. Ba wanda ya san da wani sai ranar Lahadi. Aikinka bai taɓa lalacewa ba, Eliseo, ko sau ɗaya."

"Yasna!" in ji Mama. "Na shiga uku, a gaban baƙo!"

Eliseo ya ɗauki tsinken ya juya shi, ya murza busasshen kwaɓin da ke bakinsa da yatsa. Kunnuwansa da suka saba ja suka koma fari. Karon farko tun da na san shi ya ɗago kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba murmushi a fuskar.

"Me na yi muku?"

Ya juya ga Kaka da tsinken a hannu.

"In aikina ne ba ku so, ai sai ku faɗa. Me na yi muku, Doña Clorinda?"

"Da alama ruwa zai ɗauke da rana," in ji Baba.

"Yi mana shiru, Rosendo," in ji Kaka. Sannan ta zungure ni da sanda a ƙugu. "Ke, ni na yi nawa. Wata biyu ina kwana da kwalabe. Buɗe baki."

Na juya na fuskanci Eliseo. Na riƙe gefen siket ɗina.

"Ba sa so ka gama ne, don in ka gama ba ka da dalilin dawowa. Ni ban fasa komai ba, amma duk ranar da ya tsage daɗi nake ji, wannan kuwa ka yafe mini. Ba na so ka je Punta Arenas. Ina son ka. In ka zo gidan nan ba bulo ba guduma, ni zan buɗe maka ƙofa, kowa ya ce abin da zai ce."

Gwaggo ta ja carbi. Mama ta zauna a kan kyanwa, kyanwa ta yi ƙara ta gudu.

 Eliseo ya ajiye tsinken a faranti. Ya dubi ƙofa. Sai ya juya, ya durƙusa, ya tura kai da kafaɗu cikin murhu. Bai fito ba har Baba ya fara tari. Ban san fushi yake ba, ko kuka, ko addu'a. Bayan rigarsa kawai nake gani yana hawa yana sauka.

"Señorita Yasna," muryar ta fito daga ciki, a dishe. "Buɗe jakata ki miƙo mini guduma."

Na miƙa masa. Muka ji ƙwal! Muka sake jin ƙwal! Sai ga rabin bulo rawaya ya gangaro ya tsaya a gaban takalmin Mama, sabo fil, ba abin da ya same shi sai gudumar.

"Wannan bai zauna daidai ba," ya ce. "Sai an sake."

"Ku dawo mini da kwalabena," in ji Kaka, tana juyawa kicin. "Fresia, ɗora ruwa. Rosendo, Edita, ku fito ku ba mutane wuri, ba a kallon magini yana aiki."

Suka fita, aka ja ƙofa, kodayake ina ganin inuwar ƙafafu shida a ƙarƙashinta. Na durƙusa kusa da shi a kan toka, jan siket da komai.

"Jirgin fa?" na tambayi bayan rigarsa. "Jibi ne fa, Eliseo."

 Sai hannunsa ya fito daga cikin murhu, baƙi ƙirin, riƙe da fitila.

"Riƙe mini wannan tukuna. Aikin nan ba zai ƙare kafin Asabar ba."

Na karɓa na haska masa. Ya fara kankare kwaɓin.